Muhawara: Izinin gini da rusau a Abuja, wa ke karya tsarin birnin?

Malam Habibu, Kubwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna maganar da ke tasowa duk lokacin da katafila ta shiga wata unguwa a Abuja, wato maganar izinin gini. Hukuma kan ce gine-ginen da ta rushe ba su da izini, ko an yi su a kan hanya, ko a bakin rafi, ko a filin da aka keɓe don shuke-shuke, kuma sau da yawa gaskiyarta ce. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne gida ba ya tashi a dare ɗaya. Ana haƙa harsashi, a sauke yashi tifa-tifa, a ɗora bulo, a yi rufi, a jawo wutar lantarki, mutane su tare, wani lokaci har a kafa rumfar zaɓe a unguwar, sai bayan shekaru a zo da jan fenti a yi wa katanga alama. Shin manufar gwamnati ta tsara birnin ne tun kafin a gina, ko ta hukunta wanda ya riga ya gina? Muna da lauyoyi da injiniyoyi da waɗanda suka yi aikin tsara birane a cikinmu, ina roƙon su haska mana.

Baba Tanimu, Garki

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Tambayarka tana kan hanya, amma ina so matasan zauren nan su fara sanin cewa Abuja ba kamar Kano ko Zariya ba ce, waɗanda suka girma da kansu kafin a zo a zana musu taswira. Ita a takarda aka fara haifarta. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a 1975, aka fitar da Doka ta 6 a watan Fabrairun 1976, aka yanko ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 aka kira ta Babban Birnin Tarayya, aka kuma kafa hukumar FCDA don ta gina shi. Wani haɗin gwiwar kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ne ya miƙa babban tsarin birnin a 1979, sannan Kenzo Tange, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Japan, ya zana tsakiyar gari. Sai ranar 12 ga Disamban 1991 gwamnatin Babangida ta taso daga Legas.

A cikin wannan tsari an raba birnin zango-zango. Zango na farko shi ne Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da tsakiyar gari, na biyu ya haɗa da su Utako da Jabi da Wuye da Gudu, na uku su Gwarinpa da Lokogoma. Kowace gunduma an keɓe mata wurin makaranta da asibiti da kasuwa, an bar hanyar da bututun ruwa da na bahaya za su bi, an bar wa jirgin ƙasa da manyan motocin haya layinsu, an kuma hana gini a gaɓar rafuka da kan duwatsu. An ƙiyasta mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da kimanin miliyan uku idan an kammala birnin gaba ɗaya. Izinin gini shi ne kaɗai abin da ke haɗa wannan takarda da abin da birkila ke ɗorawa a ƙasa. Wanda ya yi gini a kan layin bututun bahaya ba gwamnati ya cuta ba, maƙwabtansa dubu ya cuta, waɗanda ba su ma iso unguwar ba tukuna. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa kowane rusau zalunci ne.

Barista Rakiya, Wuse

Baba, Allah ya ƙara girma. Ban ƙi ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba, sai dai akwai wani ƙulli na shari'a da ya kamata a kwance kafin a ɗora wa magini laifi. Sashen kula da gine-gine ba ya karɓar zanen gininka sai ka haɗa da takardar mallakar fili wadda hukuma ta amince da ita. Ashe kenan maganar izini tana rataye ne a kan maganar fili, kuma a nan ne Abuja ta bambanta da kowace jiha.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da haƙƙin zama a cikin birane, ƙaramar hukuma kuma tana da ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a karkara. A Abuja ba haka abin yake ba. Sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ƙasar Babban Birnin Tarayya, kuma Ministan Abuja ne ke rabawa a madadin Shugaban Ƙasa. Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar Ona da Atenda ta shekarar 2000 ta ce babu haƙƙin mallaka na gargajiya a yankin, Kotun Ƙoli kuma a shari'ar Madu da Madu ta 2008 ta tabbatar da cewa daga Minista haƙƙin zama ke fitowa. Ma'anar wannan ita ce takardar da mai unguwa ko hakimi ya sa wa hannu, ko da shaidu goma ne a kai, ba ta da nauyin da za a ba ka izinin gini da ita. Hatta takardun da ƙananan hukumomin nan shida suka raba a shekarun baya, wato AMAC, ta cikin birnin Abuja, da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, an dakatar da su an ce a kawo a tantance tun wajen 2006, kuma mutane masu ɗimbin yawa har yau suna riƙe da takardar shaidar karɓa kawai suna jira.

To, Malam Habibu, ga amsar rabin tambayarka. Yawancin waɗanda ake cewa sun yi gini ba izini, ba ƙin nema suka yi ba. Ƙofar neman a rufe take a gare su tun daga matakin farko.

Malam Habibu, Kubwa

Barista, na gode. Idan na fahimce ki, wanda ya sayi fili a hannun mai unguwa ya riga ya karya doka tun kafin ya sayi buhun siminti ɗaya. To me ya sa mutane suke ci gaba da saye, alhali sun sani?

Alhaji Mudi, Lugbe

Malam, wannan tambaya tawa ce, domin dillancin filaye nake yi, kuma ba zan ɓoye abin da nake gani ba. Mutane suna saye ne saboda babu wani filin da hannunsu zai kai. Fili mai takardar Minista a gundumar da aka shimfiɗa wa kwalta da ruwa, ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin albashi ko ya haɗa albashinsa na shekaru ba zai iya ba. Wanda kuma aka ba shi a gundumar da ba a buɗe ba, sai ya tarar da daji, babu hanyar da tifa za ta bi, ya ajiye takardar a akwati yana jiran ta yi tsada. Shi kuwa direba da mai gadi da malamin firamare da mai shago, waɗanda birnin ba zai wayi gari yana aiki ba sai da su, suna bukatar wurin kwana yau. Sai su nufi inda ake yanka filin awon igiya, a biya a hankali, a gina ɗaki biyu a shiga. Haka Mpape ta cika, haka ƙauyukan da ke kan hanyar filin jirgin sama suka cika, wanda bai samu nan ba ya tsallaka Mararaba da Masaka a Nasarawa ko Suleja da Madalla a Neja. Duk wanda ke bin hanyar Nyanya da safe ya ga sakamakon da idonsa.

Mai saye ya san akwai haɗari. Lissafinsa shi ne idan ya samu shekara goma bai biya haya ba kafin katafila ta zo, ya ci riba. Ban ce lissafin daidai ne ba, amma shi ne lissafin da ake yi.

Malam Ɗanladi, Kuje

Ina neman izinin manya in sa baki, domin ana ta ambaton mai unguwa kamar shi ne tushen ɓarna. Ni Bagware ne, kakannina a ƙasar nan aka binne su. Lokacin da aka kafa birnin, alkawarin farko shi ne za a kwashe dukan 'yan asalin yankin, Gbagyi, wato mu Gwari, da Gade da Koro da Gwandara da Bassa da sauransu, a sake musu matsuguni a wajen yankin da kuɗin gwamnati. Da aka ƙirga aka ga yawansu da abin da za a kashe, sai gwamnatin Obasanjo ta sauya shawara a 1978, aka ce waɗanda aikin gina birni ya taɓa kai tsaye kawai za a tayar. An kai mutanen Wuse Sabon Wuse a jihar Neja, aka bar wasu. Daga baya aka ce za a bar ƙauyen Garki a cikin birni a gyara shi, can kuma aka koma maganar tayarwa, aka gina gidaje a Apo da Galuwyi Shere da Wasa, aikin da ya ɗauki shekaru yana tafiyar hawainiya.

Ku duba matsayin mutumin da aka ce ƙasarsa ba tasa ba ce, ba a biya shi diyya ba, ba a kuma tayar da shi ba. 'Ya'yansa sun girma suna bukatar ɗaki, idan ya ƙara ɗaki a gidan ubansa an ce ba shi da izini. Gonarsa kuwa yana iya wayar gari ya ga safiyo yana kafa duwatsun iyaka, an ba wani kamfani, abin da za a biya shi kuɗin amfanin gona da itatuwa ne kawai. Wanda ya san gobe za a karɓe gonar a kuɗin rogo, me zai hana shi yanka ta yau ya sayar a kuɗin fuloti? Ba na wanke masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku, akwai su a cikinmu kuma suna zubar mana da mutunci. Amma matuƙar ba a kammala maganar 'yan asalin yankin ba, kasuwar awon igiya ba za ta mutu ba.

Injiniya Sabo, Gwarinpa

Duk wannan bayani ya gamsar da ni, amma ina tsoron kada zauren ya tashi da fahimtar cewa izinin gini takarda ce kawai ta karɓar kuɗi. Abin da ake dubawa yana da amfani. Ana duba zanen mai zanen gini, da lissafin injiniya na rodi da kankare, da zanen wuta da ruwa, da gwajin ƙasa idan bene ne, da tazarar da za a bari tsakanin gini da katanga da titi, da yawan filin da ginin zai cinye, da inda ruwan sama zai bi. Bayan an ba da izini kuma ya kamata jami'i ya zo ya ga an fitar da harsashi daidai, ya dawo kafin a zuba kankaren bene. Inda ake samun matsala shi ne mai gini ya karɓi izinin hawa biyu ya ɗora huɗu, ko ɗan kwangila ya rage rodi, kuma babu wanda ya dawo ya duba.

Ambaliyar da ta mamaye rukunin gidajen Trademore a Lugbe a watan Yunin 2023, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, ta nuna abin da ke faruwa idan aka matse hanyar ruwa. Ruwa ba ya duba takardar kowa. Kuma ku lura, wannan ba unguwar awon igiya ba ce, rukunin gidaje ne da mutane suka saya da kuɗinsu masu yawa.

Hajiya Asabe, Jos

Injiniya ya taɓo inda ke yi mana ciwo a nan Jos. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saint Academy da ke Busa Buji ya rufta a kan ɗalibai suna cikin aji, aka rasa rayuka 22. Watanni kaɗan kafin nan Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a Umarnin Zartarwa mai lamba 003, wanda ya hana gini ba tare da izinin hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, ba, kuma a lokacin mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin takura. Bayan wannan rashi sai maganar ta sauya, kowa yana tambayar ina hukuma take lokacin da ake ɗora benen. Mu ma muna da namu ƙullin, domin garin ya bazu a kan tsofaffin wuraren haƙar kuza, akwai kududdufai da ƙasar da aka cike, inda gwajin ƙasa ba ado ba ne. Bambancinmu da ku shi ne a nan gwamna ne mai ƙasa, kuma filin gado yana da hanyar da za a bi a mayar da shi mai takarda, ko da hanyar tana da tsawo.

Barista Rakiya, Wuse

Hajiya, Allah ya jiƙan waɗannan yara. Abin da kika ce game da bambancin Jos da Abuja yana da tushe a shari'a. Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992 an yi ta ne don ƙasa baki ɗaya, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, ta ce tsara birane hurumin jihohi ne, ikon Tarayya ya tsaya a Abuja. A wannan doka akwai abubuwan da ke kare mai gini waɗanda ba a cika ambata ba. Ta taƙaita jinkirin yanke shawara a kan neman izini zuwa wata uku, ta ce idan an ƙi a bayyana dalili a rubuce, ta tanadi sanarwa kafin ɗaukar mataki, ta kuma kafa kotun musamman da wanda bai gamsu ba zai kai kuka. Dokar 1978 ma, a sashe na 28, ta ba da ikon soke haƙƙin zama don amfanin jama'a ko don saɓa sharaɗi, amma da sanarwa, kuma kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi ba tare da an isar da sanarwa yadda ya kamata ba. Sai dai diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta darajar filin ba, kuma wanda ba shi da takarda tun farko ba ya ma cikin lissafin.

Alhaji Mudi, Lugbe

Barista, ki ba ni dama in faɗi abin da ya fi ƙona wa mutanenmu rai, wato rashin daidaito. Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse II da titin Gana a Maitama, akasarinsu gidajen zama aka tsara. Yau bankuna ne da otal-otal da kantuna. Wannan ma saɓa tsari ne, amma maganinsa tara ce da sauya takarda, ba katafila ba. Haka kuma a watan Maris na 2025 aka sanar da soke takardun filaye 4,794 a manyan unguwanni saboda rashin biyan kuɗin ƙasa, wato hayar fili da ake biyan gwamnati duk shekara, har na shekara goma ko fiye, a watan Mayu aka fara garƙame wasu gine-gine har da hedkwatar jam'iyyar PDP, sai Shugaba Tinubu ya sa baki aka ba da wa'adin kwana 14 a biya. Ban ce kada a yi musu sassauci ba. Ina tambaya ne, mai ɗaki biyu a bayan gari wa zai sa masa baki? Sannan jami'in da ya ga ana gini ya kau da kai, da wanda ya buga takardar bogi, ba a cika jin an gurfanar da su ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Baba Tanimu, Garki

Alhaji, maganar rashin daidaito gaskiya ce, ba zan kare ta ba. Mu da muka yi aikin nan mun san cewa mafi munin ɓarnar da aka yi wa tsarin Abuja da biro aka yi ta a ofis, lokacin da aka riƙa yanka filayen shuke-shuke da na makarantu ana rabawa manya. Rusau ɗin zamanin Malam Nasiru El-Rufai, tsakanin 2003 da 2007, ya taɓa wasu manyan, a zamaninsa ne kuma aka kafa AGIS, hukumar adana bayanan filayen Abuja, aka mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, abin da ya rage raba fili ɗaya ga mutum biyu. Amma dubban talakawan da aka tasa daga wurare irin su Idu Karmo ba su ɓace ba, gaba suka matsa suka sake gina wata unguwar marar izini. Daga nan na gane cewa rusau yana share fili ne kawai, ba ya samar da wurin zama.

Duk da haka ina nan a kan bakana game da abu ɗaya. Idan aka ce duk wanda ya riga ya gina a bar shi, to an sanar da kowa cewa ya yi sauri ya gina. Abin da nake ganin ya dace shi ne a rarrabe. Ginin da ke kan hanyar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko kan layin titi, a tashe shi ko na waye, a ba mazauna wa'adi na hankali ba a tsakiyar damina ba. Unguwar da ba ta tare komai ba, kuma ta shekara ashirin a zaune, a auna ta, a fitar mata da tituna da magudanai, a ba mutane takarda su fara biyan kuɗin ƙasa. Sannan a shimfiɗa hanya da ruwa a sababbin gundumomi kafin a raba, a yanka ƙananan fulotai, domin tsarin 1979 an yi shi ne da nufin a riƙa sabunta shi, ba a ajiye shi shekara arba'in ana rantsuwa da shi ba.

Malam Ɗanladi, Kuje

Baba, na yarda da rarrabewar, da sharaɗin ƙauyukan da suka riga birnin zama su kasance a sahun farko na waɗanda za a auna a ba takarda.

Malama Zainab, Dutsen Alhaji

Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Barista, ina da tambaya a aikace. Wani kamfanin gidaje yana tallar fulotai a kan hanyar Kuje, ana biya wata-wata, sun ce suna da takarda. Me ya kamata mutum ya duba kafin ya ba da kuɗinsa?

Barista Rakiya, Wuse

Malama Zainab, kada ki tsaya a kan kalmar "muna da takarda", ki nemi kwafinta ki ga wanda ya ba da ita. Idan daga ƙaramar hukuma ce ko daga basarake, kin ji matsayinta a sama. Idan daga Minista ce, ki sa lauya ya yi binciken fayil a AGIS, a tabbatar sunan kamfanin ne a kai, ba a soke ta ba, ba a jinginar da ita a banki ba, kuma ba a bin ta bashin kuɗin ƙasa. Ki duba abin da aka ba da filin dominsa, domin filin noma ba ya zama na gidaje don kawai an kewaye shi da katanga an sa ƙofa mai kyau. Ki nemi taswirar rukunin da hukuma ta amince da ita, ki ɗauki safiyo naki, ba nasu ba, ya je ya tabbatar fulotin da aka nuna miki yana cikin iyakar takardar, kuma ba a gefen rafi yake ba. A ƙarshe a rubuta a yarjejeniya wanda zai nemo izinin gini, da yadda za ki samu takarda da sunanki, da abin da zai faru da kuɗinki idan aka hana izinin.

Alhaji Mudi, Lugbe

Malama, ki ƙara da zuwa ganin filin a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ba ranar da kamfanin ya kawo mota ya kwashe ku ba. Idan suka ƙi ba ki lambar fayil don ki yi bincike, ki riƙe kuɗinki.